Tsakanin Daidaito da Fahimta: Sharhi a kan Rubutun Fasaha cikin Hausa, da Misalai daga Mahuta

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara koyar da Hausa cikin Hausa a manyan makarantunmu, muhawarar da ta fi cin lokacin masana ita ce ta keɓaɓɓun kalmomi: shin a aro, ko a ƙirƙira, ko kuwa a faɗaɗa ma'anar kalmar da ake da ita? Muhawara ce mai amfani, ta kuma haifar da ayyukan da ba a raina su. Sai dai akwai wani sashe na rubutun Hausa wanda ba kasafai manazarta kan waiwaye shi ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da rayuka da dukiyar jama'a. Wannan sashe shi ne rubutun fasaha na aikin yau da kullum, watau takardar da ke cikin kwalin magani, da bayanin da ke jikin robar maganin feshi, da allon gargaɗi na gidan mai, da 'yar ƙasidar malamin gona.

An sha faɗa cewa marubucin irin waɗannan takardu yana tsaka mai wuya: in ya tsare daidaiton ilmi ya rasa mai karatu, in ya sauƙaƙa ya saki gaskiya. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa galibin wannan wahala ta samo asali ne daga rashin tantance inda ya kamata a tsananta. Wajen sunan abu, ya wajaba marubuci ya bi bakin jama'a. Wajen awo, da rarrabe abubuwa masu kama da juna, da jeranta matakan aiki, ba shi da izinin sassauci ko kaɗan. Abin da ya zama ruwan dare a rubuce-rubucenmu shi ne akasin haka. Mukan yi ta gardama a kan suna, mu saki awo. An bar jaki ke nan ana dukan taiki.

2.0 Wa Ake Rubuta Wa?

Ba a auna nasarar rubutun fasaha sai an san mai karanta shi, don haka aka zaɓi Mahuta a matsayin ma'auni. Mahuta na kudancin kogin Kaduna, a yankin matatar mai wadda aka buɗe a 1980. Wannan ɓangare na birnin shi ne ya ɗauki nauyin masana'antun Arewa: masaƙar Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma a 1975. Yawancin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, matatar ma ta shafe shekaru da dama ba ta tace mai, amma sana'o'in da suka tsiro a gindinsu suna nan: kanikawa, masu walda, direbobin tanka, 'yan bumburutu, masu kemis, da manoman da ke gefen gari.

Abu biyu ya kamata a lura da su game da waɗannan mutane. Na farko, da yawansu ƙwararru ne a kan aikinsu, sun kuma riga sun raɗa wa kowane ƙarfe suna. Na biyu, Hausa ba harshen uwa ba ce ga ɗimbinsu. Akwai Gbagyi, da Bajju, da Atyap, da Adara, da Yarabawa, da Ibo, waɗanda Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da gareji. Wasunsu sun koyi karatun Hausa a coci, wasu a firamare, wasu kuwa karanta musu ake yi. Kalmar da aka ɗebo daga zurfin Larabci, ko daga tsohuwar Hausar da sai dattawan karkara, ba za ta isa kunnen irin wannan mai karatu ba, kome kyan ta a idon masani. Daɗin daɗawa, lokacin da yake karatun babu malami kusa da shi. Kwalba ce a hannunsa, ko sifana, ko yaro marar lafiya.

3.0 Gadon da Muka Taras

Rubutun ilmi cikin Hausar boko yana da manyan tafarkuna biyu. Na farko shi ne na Zariya, wanda ya faro daga Hukumar Talifi ta 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939. Fitaccen misalinsa shi ne littafin Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam, wanda ya fito a 1949. Sunan littafin kaɗai ya isa ya nuna dabararsa: an shigo da ilmin halittu ta ƙofar da mai karatu na wancan zamani ya saba shiga. Wannan tafarki ya koya mana cewa Hausa na iya ɗaukar kimiyya ba tare da ta yi nishi ba. Amma rubutu ne na buɗe ido. Wanda ya karanta labarin taurari ko na tsirrai bai tashi daga nan ya auna wani abu ya ɗura wa wani ba, saboda haka ɗan sassauci a adadi ba ya cutar da kowa.

Tafarki na biyu shi ne na hukumomi da jami'o'i: Hukumar Hausa ta shekarun 1950, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969, har zuwa Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. A fagen nazarin harshe wannan yunƙuri ya yi nasara ƙwarai. Kalmomi irin su baleɓe, da bahanƙe, da baganɗe, an gina su ne bisa ƙirar Bahaushe da Bakatsine; zuzau da tsayau kuma bisa ƙirar mantau da makarau. Sun zauna daram domin jinin harshen na gudana a cikinsu. Duk da haka kada mu manta da dalili na biyu na zamansu: akwai aji, akwai malami, akwai jarrabawa. Ɗalibi yakan ji kalmar sau ɗari kafin ya buƙace ta.

To, takardar magani ba ta da sararin hira irin ta tafarki na farko, ba ta kuma da malami irin na tafarki na biyu. Kuskuren masu fassara da yawa shi ne ɗauko dabarar aji su kai ta gareji, ko ɗauko sassaucin labari su kai shi wajen awo.

4.0 Suna

Bakanike a Mahuta ya san birki, da fulogi, da kafireto, da lagireto, da salansa. Waɗannan kalmomi an aro su, an sarrafa su bisa tsarin sautin Hausa, sun kuma shekara aru-aru a bakin masu sana'a. Mai fassarar da ya ƙyamace su, ya rubuta "na'urar tsayar da mota" a maimakon birki, yana zaton ya tsarkake harshe ne. A haƙiƙa ya yi hasara biyu. Ya tsawaita magana, sa'an nan ya rage daidaito, domin makulli ma yana tsayar da mota. Birki kuwa abu ɗaya tak yake nufi. Ashe a nan kalmar jama'a ita ce ta fi ƙirƙirarriya cika sharuɗɗan ilmi.

Wannan ba ya nufin a daina ƙirƙira. Zazzaɓin cizon sauro ƙirƙira ce, tana kuma cikin mafi albarka da aka yi, domin sunan da kansa yana karantar da musabbabin cutar. Hawan jini da ciwon sukari ma haka suke. Sinadari, wanda a da kayan aikin maƙera ne na haɗa ƙarfe, an faɗaɗa shi ya karɓi sabon aiki ba tare da gardama ba. Ƙa'idar ita ce a ƙirƙira inda babu suna, ko inda sabon sunan zai ƙara wa mai karatu sani.

Akwai kuma inda sunan jama'a yake buƙatar mataimaki. Direbobi da masu injin niƙa suna kiran man dizal da sunan gas. Matan gida kuma suna kiran iskar girki da wannan suna dai. Allon da aka rubuta "Kada a ajiye gas kusa da wuta" ya bar kowa ya zaɓi wanda ake nufi, ga shi kuwa haɗarin abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Maganin wannan shi ne a riƙe sunan, a ƙara masa kalma ɗaya a kowane wuri: man gas ga na mota, iskar gas ga na tukunya. Haka nan shan inna. Sunan na ɗauke da tsohon imani cewa iska ce ke shanye ƙafar yaro. Ba za a iya canza shi ba yanzu, amma takardar rigakafi da ta ambace shi ba tare da ta faɗi cewa ƙwayar cuta ce ke shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa, ta bar tsohon imanin yana aikinsa.

5.0 Awo

A nan ne rubutunmu ya fi rauni, a nan ne kuma kuskure ya fi tsada. Ɗauki kalmar kadada. Ana samun ta a wata ƙasida da ma'anar eka, a wata kuma da ma'anar hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Manomin da aka ce wa ya zuba kaza a kadada ɗaya, in marubuci na nufin hekta shi kuwa ya fahimci eka, zai zuba kusan ninki biyu da rabi na abin da ake so. In taki ne ya yi hasarar kuɗi, in maganin ciyawa ne yana iya ƙone shuka. Marubucin ya guji eka da hekta don yana ganin kadada ta fi zama Hausa, ya sayi daɗin kalma da amfanin gonar wani.

Galan ma haka take. Galan ɗin Ingila ya ɗara lita huɗu da rabi kaɗan, na Amurka bai kai lita huɗu ba, a kasuwa kuwa galan sunan mazubi ne, kome girmansa. Mudu ya bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Murfi, wanda masu feshi suka fi amfani da shi wajen awo, ya danganta ga robar da aka cire shi, tankin goyo kuma akwai mai lita 16 akwai mai lita 20.

Misali mafi koyarwa shi ne na ruwan gishiri da sukari, wanda aka yi ta yayatawa a Nijeriya tun tsakiyar shekarun 1980 don ceton yara masu gudawa. Awon da aka koyar a lokacin shi ne ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da goma na sukari, a cikin ruwa mililita 600. Da yake uwa ba ta da ma'aunin mililita, sai aka kwatanta mata da kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu. Kwatance na biyu shi ne ya dace da gidan da kwalbar giya ba ta shiga, wannan kuwa dabara ce mai kyau: an tsare adadi, an kuma ba da mazubin da ke hannun mai karatu. Sauran aiki yana ga cokali. A takardar asali akwai sifa guda da ke nuna cewa cokalin shafaffe ne. A al'adar kasuwarmu kuwa, awo na mutunci shi ne wanda ya yi tsororuwa. Mai awon da ya shafe bakin mudu marowaci ne. Saboda haka duk fassarar da ta tsaya ga "cokali ɗaya" ta bar uwa da al'adarta, gishirin da ya yi yawa kuwa yana da haɗari ga yaron da ruwan jikinsa ya ƙare. Jimla guda ce ke tsakani: a cika cokali, a shafe bakinsa da yatsa har ya yi daidai. A yau an fi ba da shawarar ƙunshin da aka riga aka auna, amma shi ma yana buƙatar a faɗi yawan ruwan da za a narka shi a ciki da mazubin da kowa ya sani.

Ba baƙon abu ba ne gare mu tsare awo. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane cewa mudu kala-kala ne, shi ya sa in ana batun zakkar fid da kai ba sa cewa mudu kawai, sai su ce mudun Annabi, huɗu ga kowane mutum. Sun riƙe kalmar kasuwa, sun ɗaure ta da sifar da ta hana ta motsi. Abin da ake nema ga marubucin fasaha ke nan: ya kawo adadi da alƙaluma, ya biyo shi da mazubi sananne, ya kuma faɗi yadda za a cika shi.

6.0 Rarrabewa

Sauƙaƙawa takan zama cuta idan ta haɗe abubuwa biyu da aikin mai karatu ya dogara ga rarrabe su. Ƙwayar cuta kalma ce mai kyau, amma ta rungumi bakteriya da bairas gaba ɗaya. Idan aka fassara rukunin magungunan da ke yaƙar bakteriya da "maganin kashe ƙwayoyin cuta", sa'an nan aka ce wa mutum mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, to an ba shi hujjar sayen kafso a kemis. Hankalinsa daidai ya yi aiki. Kalmar ce ta yaudare shi. Mura kuwa galibi bairas ce, waɗannan magunguna ba sa taɓa ta, shan su barkatai kuma shi ke sa bakteriya su daina jin magani. A irin wannan wuri aron kalmomin biyu ya zama dole, ko da sun yi wa kunne nauyi da farko.

Kalmar magani ita ma tana da nata. A Hausa magani shi ne abin da ke kawar da damuwa, don haka muke da maganin ciwon kai da maganin ƙwari a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Kalma ce mai sanyi, ba ta tsorata kowa. Wanda ya zuba fiya-fiya a buhun wake yana ganin magani ya sa. Takardar da ke jikin irin waɗannan robobi ya kamata ta fara da kalmar guba, da manyan baƙaƙe, kafin kome.

Sai batun wuta, wanda ya shafi Mahuta kai tsaye. "Mai saurin kama wuta" ana rubuta shi a kan fetur da kananzir duka. Amma kananzir ba ya fitar da iskar da za ta kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, fetur kuwa yana fitar da ita ko cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa. Wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, takan bi ƙasa ta kwanta a kwata da rami, ƙyas ɗaya daga nesa ya ishe ta. A Oktoban 2024, a garin Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu lokacin da tankar da ta faɗi ta yi bindiga ana tsakiyar kwasar mai. Talauci ne babban abin da ke kai mutane irin wannan wuri, ba wanda zai ɗora wa kalma alhakin wannan musiba. Amma ya dace mu tambayi kanmu ko gargaɗin da muke rubutawa yana koyar da abin da ya kamata.

Mai fassara na ƙamus zai rubuta "tururin fetur". Tururi kuwa a wurin Bahaushe abu ne mai zafi da ake gani yana tashi daga tukunya. Wanda ya duba bai ga kome na tashi ba zai ɗauka lafiya lau. Abin da mutum yake iya ganewa da jikinsa shi ne wari. "Duk inda ka ji warin fetur, wuta na iya tashi, ko ba ka ga man ba." Masanin kimiyya zai ce hanci na jin warin tun kafin iskar ta kai yawan da za ta kama, gaskiyarsa kuwa. Sai dai wannan rata ta faɗa ne ta ɓangaren tsira. Jimlar da ta sa mutum ya ja da baya da wuri ta cika aikin gargaɗi fiye da wadda ta dace da ƙamus ta bar shi tsaye.

7.0 Ginin Jimla

Ko an dace da kalmomi, jimla na iya ɓata aiki. Dubi waɗannan misalai biyu da aka tsara don kwatance:

(a) Kafin buɗe murfin lagireto, a tabbatar da cewa an gudanar da kashe inji tare da bayar da damar hucewarsa.

(b) Kashe inji. Jira ya huce. Sa'an nan ka buɗe murfin lagireto.

Jimla ta (a) ta bi sawun Turancin ofis. Ta fara da aikin ƙarshe, ta mai da aikatau sunaye, ta kuma ɓoye mai aikin a bayan "a" da "an". Mai karatu a gaggauce, abin da zai fara cin karo da shi shi ne buɗe murfi. Ta (b) ta jera ayyukan yadda hannu zai yi su, kamar dai yadda maigidan gareji yake yi wa yaronsa magana. Babu abin da ta rage na ilmi.

Haka "sau uku a rana" yake. In likita na nufin bayan kowace awa takwas, sai a faɗi haka, a kuma kwatanta: da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. In ba haka ba, wani zai shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar, bai kuwa saɓa wa abin da aka rubuta ba.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Masu ƙera jiragen sama na Turai sun fitar da ƙa'idar sauƙaƙan Turanci a 1986 domin littattafan gyaran jirgi, saboda yawancin kanikawan duniya Turanci ba harshensu ba ne. Cikin dokokinta akwai cewa kalma ɗaya ta tsaya ga ma'ana ɗaya, jimlar umurni kuma kada ta wuce kalma 20. Idan masu sana'ar da ba ta yafe kuskure sun ga cewa gajeriyar jimla ita ce mafi aminci, babu dalilin da zai sa mu ɗauki doguwa alamar ilmi.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan sharhi a nuna cewa daidaito da fahimta ba kishiyoyi ba ne in an san rabon kowanne. Takardar fasaha ana auna ingancinta ne ga abin da hannun mai karatu ya aikata bayan ya karanta ta. Bisa wannan, ga shawarwari uku ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi.

Na farko, darasin fassara ya ware wa rubutun umurni da gargaɗi babi na kansa, dabam da fassarar labarai da adabi. Na biyu, ɗalibai masu neman manyan digirori su tattara kalmomin masu sana'a daga bakinsu, a gareji da kemis da kasuwar hatsi, musamman a wurare irin su Mahuta inda Hausa ke hidimar al'ummu da yawa, tun kafin a zauna ƙirƙira musu wasu. Na uku, kada a buga wata takardar awo ko gargaɗi sai an gwada ta. Gwajin kuwa ba tambayar mutum "Ka gane?" ba ne, domin kunya za ta sa ya ce i. A miƙa masa takardar, da cokali, da gishiri, da kwalba, a koma gefe a ga abin da zai yi. In ya cika cokalin ya yi tsororuwa, marubuci ne zai koma ya gyara jimlarsa.